Agogon Kofur Iro da Naka

Ƙofar Marusa, Katsina
Ranar Laraba

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa Zariya lafiya, kuma wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Allah ya tsare ka ya tsare waɗanda kuke tare, amin. Inna tana gaishe ka.

Wasiƙar Baba ce, ni rubutawa kawai nake yi, tunda ka san idonsa ya yi hazo. Inda ka ga na fara da sunana, to ni ce ke magana. Sauran duka daga bakinsa ne.

Saude ce. Baba ya shiga yin alwala, ya ce in rubuta gaisuwa kafin ya fito. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai agogon wani soja a aljihun teburin zaure, wanda Baba ya cire wa batir shekara biyu da suka wuce amma bai daina tafiya ba. Ni ce na sa masa wani batirin a ɓoye. Baba bai sani ba, ya ɗauka haka nan yake tafiya. Ya ce in na gama zan karanta masa wasiƙar. Zan tsallake wannan wurin. Ga shi nan ya fito.

Yarona, ina yi maka sallama irin ta Musulunci. Ga agogonka nan na aiko ta hannun direban motar Zariya. Ranar da za ka tafi na ce maka bai gama haɗuwa ba. Ba gaskiya na faɗa maka ba. Injinsa yana nan a naɗe tun tuni, tsoro ne ya hana ni sa shi. Ba zan cika ka da labarin gari ba. Kurakuraina zan gaya maka, don shekara talatin da wani abu ina gyaran agogo, kuma abin da na ɓata ya fi koya mini fiye da abin da na gyara.

Na farko shi ne raini. Lokacin da agogo mai batir ya fara shigowa Babbar Kasuwa, ina rumfata ina dariya. Ni na tashi a kan agogon da ake murɗa wa kai kowace safiya, mai sifirin, wanda in ka buɗe shi za ka ga zuciyarsa tana kai da komowa. Shi kuwa wannan sabon, ka buɗe ba ka ga komai na motsi ba. Na ce kayan wasan yara ne, na ƙi koyonsa. Ran nan wani Saje ya kawo mini nasa, gilashin ne kawai ya tsage. Maimakon in canza gilashi in sallame shi, sai na buɗe bayan don in nuna wa maƙwabtana cewa ba komai a ciki. Akwai wata 'yar waya ja da aka nannaɗe, ta fi gashin kai siranta. Na taɓa ta da bakin sukuddireba. Nan take hannun agogon ya tsaya.

Na ce masa, "Ka gani ko? Da ma irin waɗannan ba su da rai."

Ya ce, "Malam, da ranshi na kawo maka shi."

A wancan zamani in soja ya yi maka magana a hankali, to ka fi jin tsoro. Bai taɓa ni ba, ya ɗauki abinsa ya tafi. Amma kasuwa ta ji, aka yi wata guda ana kirana mai yankan agogo. Kai yanzu za a ba ka bindiga da kayan da ba ka taɓa gani ba. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka taɓa shi don mutane su ga ka iya.

Kunyar nan ce ta sa na zauna na koya. Ashe akwai wani ɗan dutse a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda batir ke sa shi makyarkyata, kuma da wannan makyarkyatar yake ƙirga lokaci. Daga baya har na zama ni ne 'yan bariki ke kawo wa. Ga abin da na gane game da injin da ya dace da soja, ka riƙe shi don wata rana za ka zaɓa ba na nan. Ka nemi mai haƙoran ƙarfe, na roba zafin rana na lanƙwasa su. Ka duba a ce an danne batirin da ɗan ƙarfe an ɗaure da sukuru, in ba haka ba gudu ɗaya ko girgizar bindiga sai ya goce. In ka ja kan agogon, hannun sakan ya tsaya cak, don in babbanku ya ce kowa ya daidaita, ku daidaita tare. Kada ka yarda da mai kiɗa ko mai ƙara, zai tona inda kake. Robar murfi kuma sabuwa, don gumi ya fi ruwan sama kashe inji. Na ƙarshe, ka nemi mai gargaɗi. Inji mai kyau in batirinsa ya kusa ƙarewa ba ya mutuwa haka kawai. Sai ka ga hannun ya tsaya, ya tsaya, sannan ya yi tsalle ya cim ma lokacin. Yana gaya maka ne ka shirya.

Irin wannan injin guda biyu na taɓa samu a rayuwata, tare suka zo a takarda ɗaya. Ɗaya na sa wa Kofur Iro. Kuskurena na biyu ke nan, amma ba injin ne kuskuren ba, bakina ne.

Ba lallai ka tuna Iro ba. Ɗan Iya Tasalla ne, tsohuwar nan mai kaɗin zare ta bayan layinmu, shi kaɗai gare ta. Dogo ne, mai wushirya, ba ya shiga wuri a rasa dariya. Shekara bakwai ke nan ya zo mini da azahar, za a tura su wani yaƙi a wata ƙasa can bakin teku. Ya ajiye tsohon agogonsa a gabana.

"Malam Sada, wannan ya fi ni lalaci. In ban murɗa mashi kunne ba, ba shi tashi."

Na ce, "Kai ne malalacin, Kofur. Murɗawar ma sai an yi maka?"

"Wa ke tuna agogo ana harbi? Sa mani mai batir."

Na sa masa, na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Da na ɗaura masa a hannu sai daɗin aikin ya ɗebe ni, na ce, "Wannan ba ruwanshi da kai. Ko ka mutu shina nan shina aiki."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "To ashe na yi magaji!" Ya fita yana ɗaga mini hannu.

Bayan shekara guda aka kawo wa uwarsa jakarsa. Babu gawa, an ce can aka binne su. A cikin jakar akwai riga biyu da carbi da agogon, kuma yana tafiya, ko minti ɗaya bai ɓata ba. Yarona, tun daga ranar ban ƙara yi wa mai tafiya wasa da mutuwa ba. Na san ajali na Allah ne, ba maganata ce ta kashe shi ba. Amma ita ce magana ta ƙarshe da ya ji daga bakina, kuma ba ni da hanyar da zan karɓo ta. A bariki za ka tarar da masu irin wannan barkwanci, don tsoro kan sa mutum surutu. Ka yi dariya in ka so, amma kada ta fito daga bakinka. Duk wanda zai fita aiki, ka sallame shi da addu'a.

Na uku ya fi su nauyi. Bayan sadakar arba'in Iya Tasalla ta zo mini da agogon a ƙulle a bakin zanenta. Ta kara shi a kunne ta ce, "Malam, ji. Sun ce ya mutu. In ya mutu, wa ke tada wannan?"

A nan ya kamata in ce mata, Iya, batir ne, ƙarfe ne, ba shi da labarin Iro. Kalma nawa ce? Na dubi fuskarta na kasa. Na ce, "Allah ne masani." Da batirin ya ƙare ta zo a guje ba mayafi, na canza mata. Ya sake ƙarewa, na sake canzawa. Shekaru tana share ɗakinsa tana shanya katifarsa. 'Yan'uwanta suka zo daga ƙauye su tafi da ita, ta ce ba za ta tashi ba kada ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe. Ni na ɗaure ta a wannan gida, da hantsakina.

Shekara biyu da suka wuce, bayan na bar kasuwa na dawo da aiki zaure, na ce abin ya isa. Amma ko a nan ban yi ta maza ba. Na ce mata ta bar shi zan wanke injin. Da ta tafi na cire batirin da hannuna, na jefa shi a kwata, na rufe murfin, na sa agogon a aljihun tebur. Nufina in ta dawo ran Juma'a in ce mata ya mutu da kansa, ba ya gyaruwa. Ka ga, so nake in sa ƙarfe ya faɗi abin da na kasa faɗa.

Ran Juma'a bayan an sauko ta zo. Ka san yadda layinmu ke yin tsit a wannan lokacin, rana a tsaka, ko akuya ba ta motsi. Agogunan bango da mutane suka bari duk a tsaye, kowanne da lokacin da ya mutu. Na riga na shirya maganata. Na jawo aljihun.

Yana tafiya.

Yarona, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ita kuwa ta ɗauka ta kara a kunne, ta yi murmushi ta ce, "Ɗan nema, har yau bai gaji ba." Ta ce in ci gaba da ajiye mata shi, wurina ya fi tsaro. Tun daga nan kowace Juma'a sai ta zo. "Malam, shina tafiya?" In ce, "Shina tafiya, Iya." Ban ƙara buɗe bayansa ba, ban kuma gaya wa kowa ba, ko uwarka. Ina zaune ina jin sa ta cikin katako. Wani lokaci ina salla a nan zaure sai in ji kamar da ni yake, yana maimaita mini abin da na ce wa mai shi.

Saude ce. Baba ya juya fuska wajen bango, don haka bari in rubuta nawa. Ranar da ya cire batirin ina bayan ƙyaure da kwanon abincinsa. Na ga komai. Da ma na iya sa batir, tun ina aji huɗu nake kallon hannunsa. Iya Tasalla ita ce mutum ɗaya da ba ta taɓa ce mini kurma ba don ba na magana. In na je gidanta sai ta ba ni abawa in riƙe mata, mu zauna ba mai cewa komai. Na ga in agogon ya tsaya ita ma za ta tsaya. Da Baba ya tafi la'asar na ɗauki batir biyu masu kyau da ya ɓoye a gwangwani, na sa ɗaya, na adana ɗaya don gaba. Na yi zaton zai gane ya yi mini faɗa, shi ke nan. Ban san zai ji tsoro ba. Da na ga fuskarsa ran Juma'ar nan na so in gaya masa, na fasa. Kullum sai in ce gobe. Ka ga yadda ya rame, Inna tana cewa ciwon ido ne. Ya juyo.

Rubuta, Saude. Yarona, ga dalilin da ya sa na ci gaba da riƙe agogonka har yau. Ranar da ka tafi, bayan mun dawo daga tasha, na zauna a nan sai na ji sautin ya canza. Shiru, shiru, shiru, sannan tsalle. Na sa ƙanwarka ta duba, ta ce haka ne, hannun tsalle yake yi. Ni na koya wa mutane ma'anar wannan: batir ya kusa ƙarewa. To agogon da ba batir a cikinsa, me ke ƙarewa? Kuma don me sai ranar da ka sa ƙafa a mota? Kwana takwas ke nan abinci ba ya wuce mini.

Injin da na tanadar maka kuwa shi ne ɗan'uwan na Iro, na biyun nan da suka zo tare. Na yi ta tunanin in sa maka tsohon mai murɗawa, wanda in mai shi ya tsaya shi ma sai ya tsaya, ba ya yi wa kowa ƙarya. Har na ɗauko shi. Sai na tuna zai riƙa ɓata maka minti biyu ko uku a yini, in ya bugu da dutse ya tsaya, in ka manta shi ya kwanta. Soja kuma da minti ake kiransa. Na ga in na ba ka mara kyau don tsorona, na yi kuskure na huɗu, kuma a jikinka. Don haka mai kyan na sa. Hannun Saude ne ya haɗa, ni ina gaya mata, kuma ta fi ni natsuwa. Abu ɗaya ne bai yi mini ba, batirin na kasuwa ne, irin mai zubar da ruwa. Na tabbata na taɓa ajiye masu kyau guda biyu, na neme su sama da ƙasa. In ka samu dama ka canza.

Nasihata a kan wannan ita ce, magana mai nauyi ka faɗe ta da bakinka tun tana sabuwa. In abokinka ya faɗi a gabanka, kada ka aika wa uwarsa jaka. Ka je da ƙafarka ka zauna ka ce na gani da idona. Ka kuma samu wanda zai yi mana haka. Ka riƙa rubuto takarda ko layi biyu ne, kada ka bar uwarka ta koma sauraron ƙarfe.

Ka shiga soja a lokacin da soja ke komawa bariki, farar hula sun karɓi mulki, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓarewa daga bangon ƙofa ba. Wasu na ce mini ka makara, daɗin ya wuce. Ni na gode wa Allah. Na ga zamanin da in mai kaki ya tsaya a rumfa kowa ke haɗiye maganarsa. Kada ka yi kewar wannan zamani, ba ka san shi ba. In ka shiga kasuwa ka yi sallama kamar ɗan kowa. Ka tsare salla, agogon ma farkon aikinsa ke nan.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga ƙarfe da ruwa da mugun aboki. Allah ya sa ka dawo da ƙafarka ka miƙo mini agogon nan da hannunka in ji tafiyarsa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini ƙaryar da na yi maka ranar tafiya. Uwarka na sa maka albarka. Wassalam.

Mahaifinka, Sada mai agogo.

Saude ce. An kira la'asar, Baba ya tafi masallaci, ya ce in ya dawo in karanta masa daga farko. Ni kaɗai ce a zaure. Ina jin na Kofur Iro a cikin aljihu, shiru, shiru, tsalle. Ni da na san abin da ke cikinsa ma tsoro nake ji, don ban san dalilin da ya sa ya zaɓi ranar tafiyarka ba.

Batirin nan na biyu yana wurina, shekara biyu a cikin gwangwanin lissafina na makaranta. Tun ranar da aka fara tsallen nake ta niyyar in sa wa na Kofur, sautin ya koma daidai, Baba ya ci abinci, Iya ta zo jibi ta yi murmushi. Yanzu na fito da shi. Na ajiye agogunan biyu a kan tebur, na daɗe ina kallonsu. Hannuwansu a wuri ɗaya suke.

Yaya, naka na buɗe. Na cire na kasuwar na sa maka mai kyan, na ɗaure sukurun, na shafa wa robar mai kamar yadda Baba ke yi. Ba sai ka canza ba. Na Kofur na mayar da shi aljihu yadda yake. Jibi in Iya ta zo zan raka ta gida in riƙe mata abawa, in gaya mata da bakina cewa batir ne ke tada agogon, ba Iro ba.

Ina jin takun Baba a bakin layi, yana gaisawa da mutane. Allah ya tsare mana kai, amin. Na ce maka zan tsallake wurin nan na farko. Ba zan tsallake ba. Daga sallama zan fara, in karanta masa duka.

Ƙanwarka,
Saude